Keken da Na Aiko Maka Babu Sandar Sirdi

Madarumfa, ranar Lahadi

Zuwa ga Tsoho,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen da ka sauka a hannunsu. Allah ya sa ka shiga aikin nan a sa'a, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, ya haɗa ka da yara masu jin magana. Innarka tana gaishe ka, ko da yake in aka tambaye ta za ta ce ita ba ta ce ba. Ƙannenka ma duk suna gaisuwa.

To, kafin ka ɗaga murya a tasha, Ɗan Ladi direba bai saci komai ba. Yadda ya sauke maka keken nan haka na ɗora masa shi: babu sirdi a kai, babu sandar ƙarfen da ke riƙe sirdin, sai bakin bututu da na toshe da tsumma. Sirdin yana cikin buhu, ƙarƙashin busasshen kifin da innarka ta ƙunso maka. Sandar kuwa da gangan na ƙi sayowa. Kai za ka je ka zaɓa da kanka, kuma dalilin doguwar takardar nan ke nan. Na so in faɗa maka a waya, amma ka san halinmu ni da kai: ina kwana, ina gajiya, yaya baƙunta, sai mu yi shiru muna jin numfashin juna, in ce to madalla. Shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun da na koya a yaƙi da jahilci. In ka ga kuskure kada ka sa min jan biro, Mushe malamin makaranta.

Ranar da za ka tafi na wanke keken nan, na sa wa sarƙa mai, na jingine shi a zaure inda dole sai ka gan shi. Na ji an ce lakwal ɗin, wato makarantar bokon da aka tura ka koyarwa, tana can wani ƙauye bayan Tasawa, kai kuma a garin kasuwa ka samu ɗaki, kullum sai ka yi doguwar tafiya safe da yamma. Ka fito da jaka, ka durƙusa, kanka a ƙasa, ka ce, "Baba, a bar keken a gida, zan riƙa zuwa a ƙasa." Na ce to. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, lallai kam, an zama mushe, keken mai kifi ya yi ƙarni. Na daɗe ina yawo da wannan fushin a ƙirji. Zan zo kan yadda ya sauka. Bari in faro daga tushe, don kurakuran da na tafka a kan ɗan guntun ƙarfen nan suna da yawa, kuma gara ka karɓe su a takarda da ka karɓe su a jiki.

Sa'ad da na sayo keken nan a Jibiya ba a ma haife ka ba. Ina saurayi, ina ɗaukar kifi daga bakin tabki in kai Maraɗi kafin rana ta lalata shi. Ni gajere ne, wannan ba abin ɓoyo ba ne, kuma a lokacin abin yana cin raina. Ina ganin dogayen samari suna wucewa can sama bisa kekunansu, sai na kwance noti na zaro sandar sirdi, na ƙara zarowa, har abin da ya rage cikin bututu bai fi gaɓar yatsa ba. Akwai wani layi da maƙera suka zana zagaye da sandar. Na gan shi sarai, na ɗauka ado ne. Ina tuƙi ina rangaji, ƙugu na zuwa dama na zuwa hagu don ƙafa ta kai feda, ni kuwa gani nake duk 'yan matan da ke zuwa rijiya ni suke kallo. Kallona suke yi kam, amma ba don abin da nake zato ba. Wata safiya a gangaren gulbi na faɗa wani rami, sai na ji ƙas! Bakin bututun ya tsage, sirdi ya kwanta baya, ni ma na bi shi. Ilu mai walda ne ya ɗinke tsagar, lokacin shi ma yana farkon buɗe rumfa. In ka duba za ka ga tabon har yanzu.

Saboda haka ka ji: layin nan iyaka ne. Kada ka taɓa ganinsa a waje, wurinsa cikin bututu. Kai dogo ne, ka ɗauko mutanen innarka na garin Sarkin Yamma, don haka doguwar sanda za ka nema. Bayan ka ɗaga ta daidai tsayinka, abin da ya rage a ciki kada ya gaza faɗin tafin hannunka. Gara ta yi saura a ciki ba mai gani da ta yi ƙaranci. Bututun nan ya taɓa tsagewa sau ɗaya, ba zai yafe na biyu ba.

Kana tsammani na yi hankali daga nan? Ina! Sandar farko ta lanƙwashe, sai na je kasuwar Ɗan Issa na sayo wata ba tare da na kai keken ba. Na ɗaga ta, na lumshe ido ɗaya, na ce wa mai kaya wannan ce. Da na zo gida na zura ta, sai ta zurma har ƙasa da kanta, ta yi siranta. Maimakon in mayar, girman kai ya hana. Na yanko gwangwanin tumatir na naɗe ta da shi na cusa. Daga ranar keken ya koyi kuka, ƙiiƙi ƙiiƙi, tun daga nesa ake sanin ga Sha'aibu mai kifi nan tafe. In na tashi daga Madarumfa ina sama, kafin in shiga Maraɗi na dawo ƙasa. In ɗaure noti, ta zame. In ƙara ɗaurewa, har zaren notin ya cinye. Araha ba ta ado, Tsoho.

Kai in za ka saya, ka turo keken har gaban mai kaya. Kada ka yarda da idonka, kada ka yarda da rantsuwarsa. Ka cire tsumman, ka zura sandar a gabansa. Wadda ta dace ita ce mai shiga a hankali in ka ɗan murza da hannu, ba ta faɗawa da kanta, ba ta kuma neman a buge ta da dutse. In ya ce maka "ai da ɗan gwangwani za ta zauna", ka yi masa sai an jima. In babu a Tasawa, ka yi haƙuri har ranar kasuwa ta zagayo, ko ka sa Ɗan Ladi ya zo da biyu ko uku daga Maraɗi ka gwada, ya mayar da sauran. Na riga na yi masa magana.

Yanzu ka ɗauko sirdin daga buhu ka kifa shi. Ka ga ƙarafan nan biyu sirara da suka taso daga hanci zuwa baya? Duk nauyinka a kansu yake. Suna da wuri miƙaƙƙe a tsakiya, sannan su lanƙwashe gaba da baya. Kan sanda, wato ɗan ƙarfen da ke damƙe su, a miƙaƙƙen wurin nan ya kamata ya riƙe. Ni kuwa kwaɗayin kaya ya sa na tura sirdina gaba har ƙarshe, don babban kwando ya samu wuri a kariya, wurin ɗora kaya na baya. Sai kan sanda ya cije ƙarafan daidai inda suka lanƙwashe. Bai ishe ni ba, igiyar kaya ma a jikinsu nake zargawa, don sun fi sauƙin kamu. In na zo rairayi kuma in ɗaga keken da kayansa ta sirdi. Ƙarfe ba ya magana, amma yana ajiye abin da aka yi masa.

Ranar da ya biya ni, a hanyar Safo ne, rana ta ɗaga, kwando cike. Ƙarfen hagu ya karye ba sallama. Tsinin ya yage min cinya, na kife, kifi ya watse a kan burji, kafin in ɗaga kai shirwa ta fara kai sura. Ina zaune cikin jini ina kallon jarina yana tashi sama. Sai ga wani dattijo da amalanken jaki, Mayaƙi sunansa, daga cikin Annan nan na wajen Safo masu bin addinin kaka. Ban san shi ba, bai san ni ba. Shi da matarsa suka tsince kifin ɗaya ɗaya, ya yage rawaninsa ya ɗaure min cinya, ya ɗora ni da keke a amalanke. Ya juya sirdin a hannunsa, ya ga igiyar da ke zarge, ya girgiza kai ya ce, "Samari, ko jaki ba a ɗaura masa kaya a wuya." Har gidan likita ya kai ni, matar kuma ta wuce da kwandon ta sayar min da abin da ya saura. Na yi na yi ya karɓi wani abu, ya ce kifi ɗaya ya isa miya. Ya daɗe da rasuwa, amma har gobe ba na wuce ƙofar gidansu ban tsaya na gaida 'ya'yansa ba. Kai ma a can, duk wanda ka wuce a hanya ka gaishe shi, mai salla da marar salla. Ba ka san amalanken wa zai kwashe ka ba.

To ga abin da cinyata ta saya maka. Ka zaɓi sandar da kanta ke da faɗi, mai rungumar ƙarafan da tsawo, ba mai tsunkulinsu a wuri ɗaya ba. Ka shafa bakin wurin damƙar da yatsa, in ka ji kaifi ka ajiye, don kaifin nan shi ke yi wa ƙarfe tsaga a hankali har ya karye. In ka samu mai noti biyu, gaba da baya, ta fi mai ɗaya riƙo, kuma ta fi sauƙin daidaitawa. Wajen ɗauri ka bi su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, kuma in ya kama ka tsaya. Kada ka hau kan sufana da ƙafa kamar yadda nake yi da. Da yake ƙafarka doguwa ce, za ka ji kana son zama can baya. Kada ka ja sirdin baya har ƙarshe, kuskurena ke nan aka juya. Akwai sanda mai kai a karkace zuwa baya, ita za ka nema, ta kai ka inda kake so ƙarafan kuma suna damƙe a tsakiyarsu. Sirdin ya kwanta daidai, kada hanci ya ɗaga. In ya ɗaga, wurin da uba ba ya ambata wa ɗansa zai yi sanyi, ka dai gane. In ya sunkuya kuma za ka yi ta zamewa gaba, hannu da kafaɗa su ɗauki wahala. Kaya kuwa wurinsu kariya. Jakar littattafanka ma kada ka rataye ta a ƙarafan nan. Sirdin da ke hannunka shi na saya bayan na warke, ƙarafansa baƙin ƙarfe ne mai nauyi, kada wani ya ruɗe ka da mai sheƙi.

Saura babban. Wannan na daɗe ina zagaye shi kamar mai neman mashigar gulbi.

Ka san garinmu, keke ba na mutum ɗaya ba ne. Wannan zai kai haƙurin rasuwa Safo, wancan matarsa na naƙuda zai ɗauko ungozoma, wani zai kai niƙa. Ba a hana aro, wanda ya hana sai a yi shekara ana ba da labarinsa. Ni ma ban taɓa hanawa ba. Amma duk wanda ya ara sai ya taɓa min sirdi. Baffanka Nomau, da ƙafafunsa kamar na zalɓe, in ya dawo da shi sai na nemi turmi kafin in hau. Bayan na sha wuya na gano tsayin da ya dace da ni, kullum sai an ɓata min. Ba na iya cewa a'a, ba na kuma iya cewa a mayar min yadda aka samu, kunya ba ta bari. Sai dabara ta zo min, irin dabarar da Shaiɗan ke tafa wa. Na sayo sanda mai kyau, na sa ta daidai ni, na kai wa Ilu na ce ya liƙe ta da jikin keken da wuta. Ya ce, "Sha'aibu, ka tabbata?" Na ce liƙa, ba shawara na zo nema ba.

Kai, na ji daɗin abin nan! Nomau ya zo aro, na ba shi da fara'a. Ya je ya dawo yana ɗingishi, bai sake zuwa ba. Dogaye duk suka janye, ban hana kowa ba, ba wanda ya zage ni. A majalisar bakin masallaci ina bugun ƙirji ina cewa sirdina ko sarki bai isa ya motsa shi ba. Ana dariya, ana cewa Sha'aibu ya iya shege.

Ana nan 'yan kabu-kabu masu babur suka karɓe jigilar kifi, na koma lambu a bakin tabki, keken ya zama na yamma kawai. Kai kuma ka gama kolej, ka samu makarantar horon malamai a Maraɗi, ba mu da inda za mu ajiye ka a can. Na ce ga keke. Da ka fara hawansa tsayinmu ɗaya. Daga nan ka yi ta miƙewa, sirdin yana nan inda wuta ta ajiye shi. Ni kuwa ban gani ba. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina aka sa maka, kunya biyu ke nan. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, sai Tsoho. In ka shigo zaure sai in kau da kai, in ka fito da keke sai in sami abin dubawa a ƙasa. Haka na ga ubana ya yi wa yayana, haka na ɗauka mutunci yake. Ƙarar fitarka nake ji da ƙarar dawowarka, in ce alhamdu lillahi a cikina.

Bayan tafiyarka ina zaune tsakar gida ina ta ƙorafi, yaran yanzu kaza, yaran yanzu kaza, an ba su abu sun raina. Innarka tana tankaɗe. Ita da ko zancenka aka ɗauko sai ta tashi ta shiga ɗaki, ranar nan sai ta ajiye rariya.

Ta ce, "Malam, ka taɓa tsayawa ka dubi yaron nan bisa keken?"

Na ce, "In dubi me? Keke dai ba keke ba ne?"

Ta ce, "Gwiwoyinsa har kan keken suke bugu. A tsugune yake zuwa Maraɗi, a tsugune yake dawowa. Man kaɗen da ke ƙarewa a gidan nan, kana tsammani miya nake yi da shi? Kullum sai na ajiye masa da ruwan zafi a ƙofar ɗaki in wuce."

Ta ce ashe ka je gidan likita a Maraɗi, an gaya maka in ba ka daina hawan keke a haka ba gwiwar hagu za ta lalace, kuma ƙanwarka ce ta ji ta gaya mata. Na ce cikin faɗa, "To don me bai faɗa min ba?"

Ta ce, "Ya faɗa maka me? Kai da kake bugun ƙirji a majalisa? Ɗan fari ya buɗe baki ya ce aikin ubansa bai yi ba? Ni kunya ta hana ni kiran sunansa, Malam, amma ba ta rufe min ido ba."

Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba da tankaɗe. Wallahi da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

Duk da haka taurin kaina bai bar ni ba, na ce sai na gwada. Washegari na aro ɗan keken 'yar maƙwabcinmu da take zuwa kolej da shi, sirdinsa can ƙasa. Na hau na nufi tabki, gwiwa na tasowa har ƙirji, masunta na ta dariya suna cewa Sha'aibu ya koma lakwal. Ban kai lambu ba na ji kamar ana zuba min garwashi a cikin gwiwa. Da na dawo na zo sallar magariba, sai da na dafa bango kafin in tashi daga sujada. Jiki magayi. Ni zuwa ɗaya na yi, kuma nan da bakin tabki. Kai shekaru ka yi, har Maraɗi, ba ka taɓa ɓata fuska a gabana ba. Na zauna kan buzu na yi hawaye, ba na jin kunyar rubuta maka wannan. Sannan na tuna yanzu a kan wannan gwiwar kake taka doguwar hanya safe da yamma, kuma sabon malami in ya cika makara ba a yi masa uzuri. Aikin da ka sha wannan wuya ka samu, sai ya suɓuce saboda waldar da na yi don gudun Nomau? Abin da ya hana ni sukuni ke nan.

Na tura keken wurin Ilu. Ya tsufa, ido ya rage. Ya sunkuya ya duba, ya ce, "Subhanallahi, wane mugu ne ya yi wannan aika-aika?" Na ce, "Kai ne da hannunka." Ya ce, "Af, to wa ya sa ni?" Muka yi dariya, amma aikin bai zo da dariya ba. Tsatsa ta haɗe sanda da bututu sun zama abu ɗaya. Ya ce in aka matsa tsohon tabon zai iya buɗewa, keken ya tashi aiki gaba ɗaya. Na ce yanka, in ya mutu ya mutu, da ya zauna a haka. Ya bi waldar da zarto a hankali, ya jiƙa da baƙin mai, muka bar shi ya kwana, ya dawo yana murzawa kaɗan kaɗan yana salati. Da guntun ya fito sai da na rungume Ilu, yana ture ni yana cewa zan ɓata riga. Allah ya saka masa. Ya goge cikin bututun tas, ya sa sabon noti. Guntuwar sandar kuwa innarka ta karɓe, wai ta yi daidai da hura wuta a murhu.

Ga yadda za ka gane tsayinka. Ka shafa wa sandar giris kafin ka zura, don kada tsatsa ta yi maka waldar da ba ka sa ba. Ka jingina da bango ka hau, da takalmin da kake zuwa aiki. Ka sa diddige a kan feda, ka kai ta can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba, nan ne wurin. In ka mayar da gaban ƙafa kan feda za ka ga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Tunda jikinka ya saba da tsugunno, kada ka ɗaga gaba ɗaya rana ɗaya, ka riƙa ƙarawa a hankali kana sauraron gwiwar. In gabanta ke ciwo, sirdi ya yi ƙasa. In bayanta ke ja, ka wuce wuri. Kuma ka je gidan likitan Tasawa su duba ka kafin ka fara doguwar tafiya. In sun ce ka dakata, ka dakata, keke ba ya gudu.

In ka samu wurin, ka ɗaura zare a jikin sandar daidai bakin bututu. Shi ke nan. Duk wanda ya zo aro ka ba shi, ya ɗaga ya sauke yadda ya ga dama, in ya dawo ka mayar kan zarenka. Na sa maka ƙaramar sufana a buhu don haka. Ka ga abin da ɗan zare zai yi, ni na kai wa wuta.

Tsoho, na gode. Na gode da haƙurin da ka yi da ni, da rufin asirin da ka yi min a gaban mutane. Da ka so, da kalma ɗaya a majalisa ta isa a yi ta yi min dariya har in mutu. Na gode wa Allah da ya ba ni kai, ya kuma ba ni matar da ta fi ni ido. Amma ina roƙonka, irin wannan haƙurin kada ka sake yi wa kowa, ko ni, ko darektan lakwal, ko matar da za ka aura. In abu yana cin ka, ka durƙusa da ladabi ka faɗa. Kuma ranar da Allah ya ba ka ɗan fari, ka ji kunyarsa yadda aka saba, ban ce ka bar al'ada ba. Sai dai ka riƙa ɗaga kai kana dubansa in zai fita.

Kada ka damu da yadda zan je lambu. Ƙafata lafiya lau, kuma amalanke ba ya ƙarewa a hanyar tabki. Nomau ma ya ce zai riƙa ɗaukata a keken da ya saya, yana ta yi min dariyar mugunta, ya ce bashi ne ya zo biya. Abu ɗaya nake so a wurinka: in ka sa sandar ka hau, ka kira ni ka gaya min da bakinka yadda gwiwar take. In ta yi sauƙi ka ce ta yi. In ba ta yi ba ka ce ba ta yi ba, ba zan ji haushi ba. In kuma har yanzu ba ka son keken, shi ma ka faɗa, haƙƙinka ne.

In hutu ya zo, ka sauka a Maraɗi ka ƙaraso a kansa. Zan zauna gindin tsamiyar nan ta bakin hanya, kuma wannan karon ba zan sami abin dubawa a ƙasa ba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kiyaye ka daga ramin hanya da mugun direba da mugun aboki. Allah ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa albarka a aikinka da abincinka, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Da na kai kayan tasha, Ɗan Ladi ya ce in rubuta sunan mai kaya a jikin buhu. Na rubuta Tsoho. Ya ce, "Haba Baba, wa ya san Tsoho a Tasawa? Sunansa na gaskiya za ka sa." Na tsaya da gawayi a hannu, mutane na jira, mota na hon. Daga ƙarshe na rubuta, rubutun da ka gani a karkace nawa ne. Allah ya jiƙan mai sunan. Ashe yana da daɗin rubutawa, Yahaya.

Naka,
mahaifinka Sha'aibu